Makabartu da Ranakun Tunawa: Yadda Ikkilisiyar Kartaj ta Riƙe Bege a Zamanin Tsanani da Annoba

Birnin Kartaj, wanda kufansa ke bakin Bahar Rum a gefen Tunis, babban birnin ƙasar Tunisiya ta yau, Romawa ne suka rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, su ne kuma suka sake gina shi bayan fiye da shekara 100, har ya bunƙasa ya shiga sahun gaba na biranen daularsu, ya zama tashar da jiragen ruwa ke lodin alkama da man zaitun zuwa Italiya. A wannan birni ne ikkilisiya, wato taron masu bin Almasihu, ta bar wasu daga cikin rubuce-rubucenta na farko da harshen Latin, kuma akasarinsu an yi su ne a cikin wahala ko a kan wahala, ta shari'a da kurkuku da kisa da annoba. Wannan ya sa tarihin Kartaj tsakanin shekara ta 180 da ta 430 ya dace da mai son sanin abin da Kiristoci ke kira bege, wato sa rai tabbatacce ga tashin matattu da rai madawwami, da yadda ake riƙe shi a lokacin da duniya ta juya wa mutum baya. Abin da takardun ke nunawa shi ne cewa begen ya zauna ne a cikin ayyuka da aka maimaita har suka zama al'ada, irin su ziyarar kurkuku, jinya, binne matattu da rubuta ranar da kowa ya rasu, kuma waɗannan ayyuka su ne suka ɗauke shi daga tsara zuwa tsara.

Takarda mafi daɗewa da ake da ita daga Kiristocin Afirka ta Arewa ita ce bayanin shari'ar da aka yi a Kartaj ranar 17 ga Yuli, shekara ta 180, inda aka gurfanar da Kiristoci 12, maza 7 da mata 5, mutanen wani ƙaramin gari mai suna Silli, a gaban gwamna Saturninus. Abin da gwamnan ya nema shi ne su rantse da darajar Kaisar su kuma yi hadaya domin lafiyarsa, har ya ba su kwana 30 su yi tunani, amma suka ƙi karɓar jinkirin, aka fille musu kai. Jagoransu, Siferatus, yana ɗauke da akwati mai littattafai da wasiƙun Bulus manzo, abin da ke nuna cewa tun a lokacin talakawan ƙauye sun riga sun mallaki nassin da suke jingina da shi. Bayanin gajere ne ƙwarai, ba shi da ado ko mu'ujiza, kuma adana shi da aka yi ana karanta shi a taron ibada shi ne mafarin al'adar da ake magana a kai.

Daga marubuci Tartuliyan, ɗan Kartaj da ya rubuta littafin kāre Kiristoci a shekara ta 197, ake samun bayanin tsarin da ke bayan wannan juriya. Ya bayyana cewa jama'ar na da asusu wanda kowa ke jefa abin da ya iya sau ɗaya a wata ba tare da tilas ba, kuma ana kashe kuɗin wajen ciyar da matalauta da binne su, da kula da marayu da tsofaffi da waɗanda jirgi ya kife da su, da kuma 'yan'uwan da aka tura ramukan haƙar ma'adinai ko tsibirai ko kurkuku saboda imaninsu. Sanya binne matalauci a jeri ɗaya da ciyar da shi ya fito ne daga akidar cewa jiki da kansa zai tashi, don haka gawar bawa ta cancanci kulawar da gawar attajiri ta cancanta. Kiristocin Kartaj na da filayen binne na kansu a bayan gari, kuma maƙiyansu sun gane muhimmancin filayen, domin Tartuliyan ya ruwaito cewa a zamanin gwamna Hilariyanus taron jama'a ya yi ta ihu yana neman a hana Kiristoci makabartunsu.

A hannun wannan Hilariyanus ne aka yanke wa Farfetuwa da abokanta hukunci a shekara ta 203, zamanin sarki Seftimiyus Seberus, kuma labarinsu ya fi kowane daraja a wannan fanni saboda babban sashe nasa ana jingina shi ga Farfetuwa kanta, wadda ta rubuta shi tana tsare. 'Yar babban gida ce mai kimanin shekara 22, tana da jariri a nono, kuma an kama ta tun tana cikin masu koyon bangaskiya, wato waɗanda ake shiryawa domin baftisma, tare da wata baiwa mai suna Felisitas wadda ke da cikin wata 8. Rubutun bai ɓoye tsoro ba. Ta ambaci duhun kurkukun da zafinsa da cunkoson mutane da zaluncin masu gadi, ta ambaci damuwarta a kan jaririn da yunwa ta galabaitar, ta kuma ambaci mahaifinta, tsoho wanda ba Kirista ba, da ya yi ta zuwa yana roƙonta ta tausaya wa furfurarsa da ɗanta, har aka doke shi da sanda a gaban kotu, abin da ta ce ya yi mata zafi kamar ita aka doka. Dikononi biyu, wato masu hidimar ikkilisiya, Tartiyus da Fomfoniyus, su ne suka biya masu gadi domin a fitar da fursunonin zuwa wuri mai iska na 'yan sa'o'i, kuma a nan ake ganin asusun da Tartuliyan ya bayyana yana aiki.

Wahayoyin da ta ba da labari su ne suka nuna yadda waɗannan mutane ke hangen abin da ke bayan mutuwa. A ɗaya ta ga tsani na tagulla, siriri, mai wuƙaƙe da māsu a gefensa da ƙaton maciji a gindinsa, wanda ta taka kansa ta hau, ta isa wani faffaɗan lambu inda wani makiyayi mai farin gashi ke tatsar tumaki ya ba ta cuku ta ci. A wani kuma ta ga ƙanenta Dinokratis, wanda ciwon daji a fuska ya kashe yana ɗan shekara 7, yana ƙishi bai iya kaiwa ga ruwa ba, ta dage da addu'a dominsa har ta sake ganinsa ya warke yana sha yana wasa. Abin lura shi ne cewa matar da ke jiran a jefa ta ga namun daji ta ba da kwanakinta na ƙarshe ga tunanin wani yaro da ya daɗe da rasuwa, wanda ke nuna cewa a wurinta rayayyu da matattu jama'a ɗaya ce da mutuwa ba ta raba ba. Felisitas ta haifi 'ya mace a kurkuku kwanaki kaɗan kafin ranar kisan, wata 'yar'uwa a cikin bangaskiya ta ɗauki jaririyar ta rena, sannan aka kai su dandalin wasanni a bikin ranar haihuwar Geta ɗan sarki, aka sakar wa matan biyu saniya mai faɗa, daga baya aka ƙarasa su da takobi. Ikkilisiya ta riƙe ranar 7 ga Maris domin tunawa da su.

Riƙe rana irin wannan aiki ne da aka tsara shi da gangan. A cikin wata wasiƙa da bishop Sifiriyan ya aika wa dattawan ikkilisiyarsa a shekara ta 250, ya umarce su da su kula da gawawwakin waɗanda suka mutu a kurkuku ko da ba a azabtar da su ba, su kuma rubuta ranar da kowannensu ya rasu domin a riƙa tunawa da shi a cikin shahidai, ya kuma yaba wa wani mai suna Tartulus wanda ke aiko masa da ranakun a kai a kai. Romawa sun saba bikin ranar haihuwar mamaci, amma Kiristoci suka mai da hankali ga ranar mutuwarsa, suna lasafta ta a matsayin ranar da ya shiga rai na har abada, kuma a ranar suke taruwa a bakin kabari, su karanta labarinsa, su yi Jibin Ubangiji. Ta haka shekarar Kirista ɗan Kartaj ta cika da ranakun mutanen da iyayensa suka sani ido da ido, yaro kuma ya tashi yana jin mutuwa ana ambatonta da godiya.

Sifiriyan, malamin balaga mai dukiya wanda ya karɓi bangaskiya wajen shekara ta 246 aka kuma zaɓe shi bishop bayan shekara biyu ko uku, ya gaji ikkilisiyar da ta yi shekaru masu yawa cikin kwanciyar hankali, kuma jarrabawar farko da ta same shi ta tona raunin da kwanciyar hankalin ya rufe. Sarki Desiyus ya ba da doka cewa kowane mazaunin daular ya yi hadaya ga gumaka a gaban jami'ai ya karɓi takardar shaida, kuma an tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar masu ɗauke da kwanan watan shekara ta 250. Kiristoci masu ɗimbin yawa a Kartaj suka yi hadayar, wasu tun kafin a neme su, har Sifiriyan ya ruwaito cewa dare na yi wa jami'an ana sauran masu jira. Wasu kuma suka sayi takardar da kuɗi ba tare da sun yi hadayar ba. Shi kansa bishop ɗin ya ɓuya a wajen gari yana tafiyar da al'amura ta wasiƙu, abin da abokan hamayyarsa ba su taɓa daina goranta masa ba. Da tsananin ya lafa sai tambaya mai nauyi ta taso, ko akwai sauran bege ga wanda ya musanta Ubangijinsa da bakinsa. Wasu suna so a karɓi kowa nan take bisa takardar ceto daga waɗanda suka sha ɗauri, wasu kuma, mabiyan Nobatiyan na Roma, suna cewa ƙofa ta rufe har abada. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Kartaj a shekara ta 251 ta bi tsakiya, ta yarda a karɓi masu sayen takarda bayan an duba lamarin kowa, masu hadaya kuma su yi doguwar tuba a sulhunta su idan mutuwa ta gabato, kuma ba da jimawa ba wata majalisar ta buɗe ƙofa ga dukan masu tuba domin su sami ƙarfin fuskantar tsananin da ake hange. Wannan hukunci yana cikin mafi alherin abin da ikkilisiyar ta bari, domin ya hana begen zama rabon jarumai kaɗai.

Jarrabawa ta biyu ba ta da alƙali ko dandali. Wajen shekara ta 252 annobar da za ta yi shekaru fiye da 10 tana yawo a daular ta shiga Kartaj, kuma saboda Sifiriyan ne ya fi kowa bayyana alamominta, masana tarihi suna kiranta da sunansa har yau. Ya ambaci gudawa mai tsiyaye ƙarfin jiki, da gyambo a maƙogwaro, da amai ba ƙaƙƙautawa, da idanu da ke yin ja jawur, da ruɓewar ƙafafu ko wasu gaɓoɓi har a yanke su, da kurumta da makanta ga waɗanda suka tsira. Wasu masana na ganin agana ce, wasu na ganin zazzaɓi ne mai sa zubar jini irin Ebola. Fontiyus, dikon da ya rubuta tarihin rayuwar Sifiriyan, ya ce mutane sun riƙa fitar da marasa lafiyarsu waje suna gudu, gawawwaki suna zube a titunan birnin babu mai ɗauka.

Annobar ta girgiza bangaskiyar mutane ta hanyar da takobi bai yi ba, kuma littafin da Sifiriyan ya rubuta a kan mace-macen ya nuna irin maganganun da ke yawo a tsakanin jama'arsa. Wasu suna mamakin yadda cutar ke kashe Kirista da wanda ba Kirista ba babu bambanci, kamar baftisma ba ta amfana musu komai ba. Amsarsa ita ce ba a yi wa mai bi alkawarin kuɓuta daga abin da ke samun jiki ba, domin muddin yana duniya fari da yunwa da harin maƙiya da ciwo suna samunsa tare da maƙwabcinsa, bambancin yana ga abin da ke jiransa a gaba. Wasu kuma, waɗanda suka shirya mutuwar shahada, suna baƙin cikin cewa za su mutu a kan tabarma ba tare da rawanin shahidi ba, sai ya ce musu Allah yana duban shirin zuciya, kuma shahada kyauta ce da ba a hannun mutum take ba. Ya hana jama'arsa sa baƙaƙen tufafin makoki da kururuwa irin ta waɗanda ba su da bege, bisa hujjar cewa matattun sun riga su tafiya ne kawai, kuma wanda ke kallon Kirista yana makoki haka zai ɗauka imaninsa na baka ne. A nan ana iya cewa bishop ɗin ya tsananta, domin hawayen mai rashi ba alamar rashin bangaskiya ba ne, kuma Agustin na Hippo, wanda za a ambata a gaba, daga baya ya rubuta yadda ya yi kuka a kan mahaifiyarsa Monika. Amma ya kamata a tuna cewa Sifiriyan yana magana ne da mutanen da firgici ke neman tarwatsawa, kuma yana bukatar su tsaya da ƙafafunsu domin akwai aiki a gabansu.

Aikin kuwa shi ne jinya da binnewa. Sifiriyan ya ɗauki annobar a matsayin gwaji mai bayyana ko masu lafiya za su kula da marasa lafiya, ko dangi za su riƙe danginsu, ko iyayengiji za su ji tausayin bayinsu, ko masu magani za su tsaya wa masu neman taimakonsu. Fontiyus ya ruwaito cewa ya tara jama'a ya faɗa musu cewa yi wa naka alheri ba abin mamaki ba ne, cikakken mutum shi ne mai yi wa maƙiyinsa, sannan aka raba ayyuka, masu dukiya suka ba da kuɗi, matalauta suka ba da ƙarfinsu, aka kula da Kirista da wanda ba Kirista ba, shekara biyu kacal bayan da wasu daga cikin waɗannan maƙwabta suka nemi a jefa bishop ɗin ga zakoki. Wannan shi ne wurin da ya fi dacewa a auna begen Kartaj, domin mutumin da ya tabbata cewa mutuwa ba ita ce ƙarshensa ba shi ne ke iya shiga ɗakin da kowa ke gudu. A cikin shekarun nan ne kuma, da mahara suka kama Kiristoci a yankin Numidiya, ikkilisiyar Kartaj ta tara sestarti 100,000, kuɗin Romawa na lokacin, ta aika domin fansarsu, tare da jerin sunayen waɗanda suka bayar domin a yi musu addu'a.

A shekara ta 257 sarki Baleriyan ya ba da dokar da ta hana Kiristoci taruwa da shiga makabartunsu, aka kori Sifiriyan zuwa garin Kurubis a bakin teku, aka tura wasu bishop-bishop da jama'arsu ramukan haƙar ma'adinai a Numidiya, inda suke kwana a ƙasa da mari a ƙafa an aske musu rabin kai, kuma wasiƙun godiyarsu kan kuɗi da ƙarfafawar da ya aika musu suna nan a adane. Doka ta biyu a shekara ta 258 ta ce a kashe shugabannin ikkilisiya nan take. Aka gurfanar da Sifiriyan a gaban gwamna Galeriyus Maksimus ranar 14 ga Satumba, bayan jama'arsa sun kwana a ƙofar gidan da aka tsare shi. Ya ƙi yin hadaya, ya umarci a ba mai zartar da hukuncin tsabar zinariya 25, ya ɗaure idanunsa da kansa, aka fille masa kai, da dare kuma aka ɗauki gawarsa da kyandir da jiniya aka binne shi a filin wani jami'i mai suna Makrobiyus Kandidiyanus. Mutumin da aka zarga da gudu shekara 8 da suka wuce ya zama wanda Kiristocin Afirka ta Arewa suka fi girmamawa, aka gina majami'u a wurin da aka kashe shi da wurin da aka binne shi.

Da tsanani ya ƙare a farkon ƙarni na 4, al'adar ta ci gaba amma ta soma sauya kama. Taron bakin kabari ya haɗa da cin abinci tun asali, inda iyali ke kawo gurasa da ruwan inabi su ci su kuma raba wa matalauta, sai dai da jama'a ta yawaita bukukuwan shahidai suka rikiɗe zuwa shaye-shaye da kaɗe-kaɗe na dare. Wajen shekara ta 392 Agustin, wanda a lokacin dattijon ikkilisiya ne a Hippo, garin Annaba na Aljeriya ta yau, ya rubuta wa Aureliyus bishop na Kartaj yana roƙon a kawar da wannan ɗabi'a a mayar da abin da ake kashewa sadaka, kuma a shekara ta 395 ya yi nasarar hana irin bikin a garinsa bayan gardama mai zafi. Karanta labaran shahidai kuwa an tabbatar da shi, domin majalisar Kartaj ta shekara ta 397, wadda ta jera littattafan da za a karanta a matsayin nassi, ta keɓe izinin karanta waɗannan labarai a ranakunsu.

Lalacewa mafi muni ta fito ne daga girmama shahidan kansa. Bayan tsananin sarki Diyokletiyan, wanda ya fara a shekara ta 303 da umarnin miƙa littattafai masu tsarki domin a ƙone, ikkilisiyar Afirka ta Arewa ta tsage biyu a kan zaɓen Kesiliyan a matsayin bishop na Kartaj, saboda zargin cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka naɗa shi ya miƙa littattafan. Masu adawa da Kesiliyan, wato mabiyan Donatus, suka ɗauki kansu ikkilisiyar shahidai ta gaskiya, har wasu masu tsattsauran ra'ayi a ƙauyuka suka riƙa neman mutuwa da gangan, suna faɗawa daga kan duwatsu. Agustin ya amsa da cewa dalilin da mutum ya sha wahala dominsa shi ke mai da shi shahidi, kuma azaba ita kaɗai ba ta isa ba, magana mai daidai wadda ƙarfinta ya ragu saboda shi kansa ya goyi bayan hukuma ta tilasta wa Donatawa, musamman bayan taron Kartaj na shekara ta 411 da ya haɗa bishop-bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu. Jikokin waɗanda aka tsananta wa sun zama masu tsananta wa 'yan'uwansu, kowane ɓangare kuma yana karanta wasiƙun Sifiriyan yana cewa nasa ne.

Agustin ya rasu ranar 28 ga Agusta, shekara ta 430, rundunar Bandalawa tana kewaye da Hippo, kuma Kartaj ta faɗa hannunsu a shekara ta 439, Rumawan gabas suka ƙwace ta a 533, sannan Larabawa ƙarƙashin Hassan ibn al-Nu'man suka ci ta a 698. Jerin ranakun tunawa na ikkilisiyar Kartaj, wanda aka tsara a ƙarni na 6 da sunayen shahidai da bishop-bishop bi da bi, ya kai ga zamanin yau, haka kuma duwatsun kabari masu rubutun Latin da aka samu a Kairawan sun tabbatar da cewa akwai Kiristoci 'yan ƙasa a yankin har zuwa ƙarni na 11, suna binne matattunsu suna kuma sassaƙa ranar rasuwar kowa a kan dutse.